Wace kalma Turawa ke haɗawa da "lie" idan ƙarya ta fito ƙiri-ƙiri?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu Turanci a cikinmu, don abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Wata biyu ke nan da tashina daga gidan da nake haya a Leeds. Da na nemi a maido min da kuɗin ajiyata, sai dillalin gidan ya rubuto cewa za su cire mafi yawansu, wai bangon ɗakin kwana ya yi baƙi saboda danshi kuma ban taɓa sanar da su ba. Wallahi sau huɗu na sanar da su. Hotunan suna nan a wayata. Tabon ya fara ne kamar tafin hannu a bayan durowar kaya, kafin sanyi ya wuce ya haura har kusa da silin, fenti yana ɓarewa yana zubowa kan kafet. Shi wannan mutumin da ƙafarsa ya zo ya tsaya a ɗakin, ya sa yatsa ya dangwali bangon, ya ce zai turo mai gyara.

Cikin ɓacin rai na mayar masa da amsa, na rubuta "this is a white lie". A nufina ƙarya ce fara fat, wadda ko makaho ya shafa zai gane. Da na nuna wa wata abokiyar aikina Baturiya, sai ta ce min ai sassauta masa na yi, kamar na ce ɗan abin da ya faɗa bai kai ya kawo ba. To don Allah, idan mutum ya dubi tsabar idonka ya yi maka ƙarya, ya san ka sani, yaya masu harshen suke kiran wannan?

MalamSani_Zariya:
Wa alaikumus salam Maman Iman. Allah Ya fitar miki da hakkinki. Abokiyar aikinki gaskiya ta faɗa miki. "White lie" ita ce 'yar ƙaryar da ake yi don kada a ɓata wa mutum rai, kamar a ba ka kyautar riga ba ta yi maka ba ka ce ta yi kyau. Farin a nan na rashin cutarwa ne, ba na fitowa fili ba.

Abin da kike nema shi ne "blatant lie", ko "outright lie", ko "barefaced lie", ko "downright lie". Dukkansu za a gane ki, amma akwai ɗan bambanci. "Blatant" na nufin ƙaryar a fili take, ba a ko yi wahalar ɓoye ta ba. "Outright" na nufin babu ko ƙwayar gaskiya a ciki, ba ƙari aka yi ba, ba kuma ragi ba. "Barefaced" kuwa mai ƙaryar take dubawa, wato ba kunya a fuskarsa. Ga wanda ya taɓa bangon da yatsarsa sannan ya ce ba a faɗa masa ba, ni "barefaced" zan zaɓa.

Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da ya fi ba ɗalibaina wahala ba nahawu ba ne, wannan ne: sanin wace kalma ke tafiya da wace. Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya yi maganar tun 1957, cewa ana gane kalma ne ta abokan tafiyarta. Ina ce wa yara su dubi Hausa. Muna cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Wa ya taɓa jin baƙi fat? Ba wata doka da ta hana, kunne ne kawai ba ya karɓa. Haka Bature ke cewa "strong tea" ba ya cewa "powerful tea", alhali ma'anar kalmomin biyu kusan ɗaya ce.

Abba_Kurna:
Ikon Allah. Ni ma fa har yau haka na ɗauki "white lie", kuma na sha jin manyan mutane a nan gida suna faɗin ta da zafi idan ana musu. Na gode Malam.

Tafinta_Danladi:
Ƙari kan bayanin Malam Sani. Asalin "barefaced" fuska ce tsirara, wadda ba gemu ko ba abin rufe ta. Da wannan ma'anar take a wasannin Shakespeare. Daga baya ta koma nufin wanda ke aikata abu bai ɓoye fuskarsa ba, daga nan ta zama marar kunya. Wannan ita ce ta Ingila, inda Maman Iman take. A Amurka kuwa "bald-faced lie" za ka fi ji. "Bald-faced" ɗin ma tsohuwar kalma ce da ake kiran doki ko saniya mai farin goshi da ita.

Sai dai a kula da ta uku, "bold-faced lie". Wannan kuskure ne na waɗanda suka ji "bald" ba su ji da kyau ba. Kada ki rubuta ta.

Zee_Unguwar_Rimi:
Yaya Danladi, da girmamawa, ban yarda kuskure ba ce. "Bold-faced" da ma'anar mai tsaurin ido ta daɗe a Turanci, ita ma akwai ta a rubutun Shakespeare. Abin da ya jawo mata baƙin jini shi ne a yau in an ce "boldface" tunanin mutane yana tafiya ga rubutu mai kauri na injin ɗab'i da kwamfuta, sai wasu editoci suke ganin kamar an ce ƙaryar da aka buga da baƙi mai kauri. Amma miliyoyin masu harshen suna faɗin ta. In masu harshe suka yi yawa a kan abu, wa zai ce musu sun yi kuskure?

Tafinta_Danladi:
Na karɓi gyara a kan tarihin, ƙanwata. Amma ina nan kan bakana a wajen aiki. Ni fassara ce sana'ata, kuma in na miƙa takarda mai "bold-faced lie" akwai editan da zai ja mata jan layi, in na rubuta "barefaced" babu wanda zai taɓa ta. Wanda ke neman kuɗinsa a hannun dillali ba ya buƙatar kalmar da ake gardama a kanta.

Issoufou_Damagaram:
Sallama gare ku daga Damagaram. Hajiya Maman Iman, kada ki ga laifin hankalinki, don da Faransanci kika yi tunanin nan da kin kusa dacewa. Mu nan idan ƙarya ko dabara ta fito fili muna cewa "cousu de fil blanc", wato an ɗinke ta da farin zare. Ki kwatanta tela ya ɗinke baƙin yadi da farin zare, ai daga nesa za a hango ɗinkin. To kin ga a Faransanci fari yana nuna tonon asiri, a Turanci yana nuna rashin lahani. Ita wadda Ingilishi ke kira fara, Faransawa "pieux mensonge" suke ce mata, kamar a ce ƙaryar mai kyakkyawar niyya. Ta rashin kunya kuma "mensonge éhonté".

Maman_Iman:
Allah Ya saka da alheri Malam Issoufou, wannan ta sanyaya min zuciya. Farin zare a baƙin yadi, ai abin da nake son faɗa ke nan.

Ustaz_Mai_Allo:
Ku yi haƙuri in ɗan ratse. Ni wannan suna na "white lie" shi ya dame ni, kuma Larabawan zamani ma sun ara suna cewa "kizba baida'u". Sanya wa ƙarya launi mai kyau hanya ce ta sauƙaƙa ta a zukata. A hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba da ke cikin Sahihu Muslim, wurare uku aka yi rangwame: yaƙi, sulhunta mutane, da maganar miji ga matarsa ko mata ga mijinta. Ba a ce duk inda kake jin nauyin mutum ba.

Game da tambayar asali kuma, Larabcin Alƙur'ani yana da nasa haɗin. A Suratun Nur, wajen ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, an ce "ifkun mubin" a aya ta 12, wato ƙiren ƙarya mabayyani, sannan "buhtanun azim" a aya ta 16. Abin da aka yi wa 'yar uwarmu ya fi kusa da buhtani, domin ba ƙarya kawai aka yi ba, laifi aka ɗora mata wanda ba ta yi ba, kuma don a ci dukiyarta.

Hajiya_Turai:
Malam, Allah Ya ƙara ilimi, amma ina da tambaya ta gaske. Mu da muka tashi da kara da kawaici fa? Baƙo ya zo gidanka an kawo masa abinci ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake, alhali tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ka je duba marar lafiya, yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ka ce yaya jiki ya ce da sauƙi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har ranar da ta rasu "da sauƙi" take cewa. Ba zan iya kiran wannan ƙarya ba. Ina ganin da Turawa suka ware mata suna daban, sun gane cewa ba ɗaya take da ta dillalin nan ba.

Ustaz_Mai_Allo:
Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa Aljanna ce makomarta. "Da sauƙi" ba ƙarya ba ce, godiya ce da fata, kuma mai tambaya da mai amsa duk sun san haka, ba a yaudari kowa ba. Malamai kuma sun yi bayanin tauriyya, wato ka faɗi magana mai fuska biyu wadda gaskiya ce a ɗaya fuskar. Tsorona shi ne wanda zai ce "ga ni nan a hanya" yana kwance a gado, ya bar mutum tsaye a rana, sannan ya ce ai fara ce.

MalamSani_Zariya:
Bari in dawo da mu kan Turancin, akwai abin da na manta. Ba sifa kaɗai ake haɗawa ba, har aikatau. Bature "tell a lie" yake cewa, ba ya cewa "say a lie", kuma wannan kuskuren ina gyara shi kusan kowane mako a littattafan yara. Idan ana son a nuna ƙarfin halin mai yin ta sai a ce "he lied through his teeth", wato ta tsakanin haƙoransa ƙaryar ta fito, ko "he lied to my face", ya yi min ita ido da ido. Wannan ta biyun ma ta dace da labarinki.

Na daɗe da lura da wani abu. Turanci yana ɗora nauyin ƙaryar a kan sifa, aikatau ɗin nan dai "tell" ne ba ya canzawa sosai. Hausa kuwa a aikatau muke zuba ƙarfin. Ya shara ƙarya, ya shirga ƙarya, ya kantara ƙarya, ya gilla ƙarya, yana ta zuba. Kowanne da nauyinsa a kunne. Wanda ya shirga ya ɗora wa mutane kaya mai nauyi, wanda ke zuba kuma ba ya tsayawa. Shi ya sa idan ɗalibi Bahaushe ya zo Turanci sai ya ji "he told a lie" ta yi masa salam, ba gishiri, ya shiga neman abin da zai ƙara, a nan ake zamewa.

Bashir_Gwammaja:
Malam Sani, wannan rabon naka bai cika ba. Ina ka bar tsagwaron ƙarya? Zunzurutun ƙarya fa? Ƙarya muraran, ƙarya ƙiri-ƙiri, tantirin maƙaryaci. Kuma su ma Turawan suna da "peddle lies", "spread lies", "concoct a story", "fabricate". Ina ganin kowane harshe yana da hanyoyin biyu.

MalamSani_Zariya:
Haka ne Bashir, ban ce babu ba, inda aka fi karkata nake nufi. Amma ka lura "peddle" da "spread" yaɗa ƙaryar suke nufi, ba girmanta ba. Ka samo min aikatau ɗaya na Turanci da zai ɗauki "kantara" shi kaɗai, ina jira.

Lauya_Bintu:
Anti Maman Iman, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma bayanan harshen daidai ne. Amma a matsayina na wadda ke aikin shari'a a nan Ingila, shawarata ita ce kada ki sa kalmar "lie" a takardar ko kaɗan, da kowace irin sifa.

Dalili shi ne, a wajen masu harshen "lie" ba ta tsaya ga cewa maganar ba gaskiya ba ce. Tana nufin mutumin ya san ba gaskiya ba ce kuma ya faɗa da gangan. Da zarar kin rubuta ta kin ɗora wa kanki aikin tabbatar da abin da ke cikin zuciyarsa, shi kuwa sai ya ce mantawa ya yi, ko saƙon bai shiga fayil ba, maganar ta tashi daga bango ta koma kan ladabinki. Nauyin kalmar ya kai har a majalisar dokokin Birtaniya ba a yarda ɗan majalisa ya kira ɗan uwansa maƙaryaci a zauren ba. A watan Yulin 2021 an umarci Dawn Butler ta jam'iyyar Labour ta fice daga zauren saboda ta ce Boris Johnson, firaministan lokacin, ya yi ƙarya, kuma ta ƙi janyewa.

Ki rubuta "this statement is untrue" ko "this is factually incorrect", sannan ki jero ranakun da kika aika saƙo, ki haɗa hotunan. Wani abu kuma mafi muhimmanci: tun 2007 doka ta tilasta wa masu gidajen haya a Ingila su ajiye irin wannan kuɗin a ƙarƙashin tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi, kuma yanzu cikin kwana 30 da karɓa. Tsarin yana da masu raba gardama kyauta, kuma hujjar takarda suke dubawa. Ki nemo takardar shaidar ajiyar da aka ba ki lokacin da kika shiga gidan, kuma ki hanzarta, don akwai wa'adin kai ƙorafi.

Dan_Jarida_Abuja:
Lauya ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi a aikin jarida. Manyan jaridun Turanci suna gudun "lie" saboda wannan batun na niyya, ga kuma tsoron ƙarar ɓata suna. Sai su ce "false claim", "misleading", "baseless", "without evidence". Jaridar Washington Post ta ƙirga maganganun Donald Trump a shekara huɗun mulkinsa na farko ta samu 30,573, amma sunan da ta ba su shi ne "false or misleading claims". Masu bin diddigi na PolitiFact, waɗanda suka fara aiki a 2007 a jihar Florida, matakinsu na ƙarshe wajen auna ƙarya "Pants on Fire" suke kiransa, daga wata waƙar tsokana ta yara da ke cewa wandon maƙaryaci ya kama da wuta.

Su ma masu mulki suna ƙera nasu haɗin. A Janairun 2017, da ake gardamar yawan jama'ar da suka halarci rantsar da Trump, mai ba shi shawara Kellyanne Conway ta ce a talabijin kakakin fadar shugaban Amurka ya ba da "alternative facts" ne. Kafin nan, a 2016, ƙamus na Oxford ya zaɓi "post-truth" a matsayin kalmar shekara.

Mu kuwa a Najeriya akasin haka muke. Duk sanarwar da kakakin ɗan siyasa zai turo mana don musanta zargi, kafin in buɗe na san abin da ke ciki: "tissue of lies", "figment of the imagination", "a lie from the pit of hell". Ta ƙarshen nan, ƙarya daga ramin jahannama, daga bakin masu wa'azin coci ta shigo siyasa. An faɗe su har sun suɗe, ba wanda suke girgizawa.

Abba_Kurna:
Yallaɓai ɗan jarida, ita "tissue of lies" ɗin, takardar goge hannu ake nufi? Wato ƙaryar ba ta da ƙwari, da an taɓa ta yage?

Zee_Unguwar_Rimi:
A'a Abba. Tsohuwar ma'anar "tissue" ita ce saƙaƙƙen yadi, daga Faransanci ta shigo, tun kafin a san takardar goge hannu. Wato ƙarairayi ne aka saƙa su, zare kan zare. Danginta su ne "web of lies", saƙar gizo-gizo, da "pack of lies", ƙunshi guda. Waɗannan ukun ba a faɗin su a kan ƙarya ɗaya, sai labari gaba ɗaya ya zama ƙage. Mu ma ai muna cewa an kitsa magana, an ƙulla sharri. Hannu da zare ne duka.

Baba_Mai_Rediyo:
'Ya'yana, kun tuna min da shekarun da nake kwana da rediyo a kunne. A 1986 an yi wata shari'a a Sidni ta ƙasar Ostareliya, gwamnatin Birtaniya tana son hana buga littafin wani tsohon jami'inta na leƙen asiri. Sakataren majalisar ministoci, Robert Armstrong, ya je ba da shaida. Lauyan da ya tsare shi da tambayoyi shi ne Malcolm Turnbull, wanda daga baya ya zama firaministan Ostareliya. Da aka matsa masa kan wata wasiƙa, ya ƙi yarda cewa ƙarya ce, ya ce wataƙila dai an yi "economical with the truth", wato an yi tsimin gaskiya. Tun daga ranar maganar ta shiga bakin mutane. In ka ji Bature ya ce wane yana tsimin gaskiya, to maƙaryaci yake kiransa cikin ladabi.

Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ma an ce ya kira ƙarya "terminological inexactitude" a majalisa don kauce wa dokar da Lauya ta ambata.

Tafinta_Danladi:
Baba, Allah Ya ƙara girma, ɗan gyara kaɗan a kan ta Churchill. A 1906 ya faɗe ta, yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, kuma ba wani yake zargi da ƙarya ba. Ana muhawara ne kan 'yan ƙwadagon China da aka kai ma'adinan Transvaal a Afirka ta Kudu, ya ce kiran tsarin nasu bauta zai zama rashin daidaiton kalma. Daga baya ne 'yan majalisa suka mayar da ita lulluɓin "ƙarya".

Baba_Mai_Rediyo:
Madalla ɗana, na ƙaru.

Sadiq_Gaskiya_Dokin_Karfe:
Ni fa duk wannan kewaye-kewayen ne ba na so. Mutum ya shiga ɗakin baiwar Allah, ya taɓa bango da hannunsa, ya fita ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba a faɗa masa ba, sannan a ce mata ta rubuta "factually incorrect" kamar lissafi ya ɓata? Wannan ladabin masu ƙarfi yake yi wa aiki. Dawn Butler da Lauya ta kawo misalinta, ita aka fitar, wanda ta zarga yana nan a kan kujerar mulkinsa. Kuma a 2023 kwamitin majalisar da kansa ya yanke cewa Johnson ya yaudari majalisa da gangan a kan shagulgulan da aka yi lokacin kullen korona. In kalma tana da nauyi, ai don irin wannan ranar aka ajiye ta.

Lauya_Bintu:
Sadiq, zafinka a kan gaskiya yake, ban musa ba. Amma ka duba kalmar da ka kawo da kanka. Kwamitin "deliberately misled" ya ce, bayan ya tara hujjoji wata da watanni. Hujjar ce ta kai su ga "da gangan", ba su fara da ita ba. Anti tana son kuɗinta ne. Idan ta jera saƙonni huɗu da ranakunsu a ƙarƙashin maganarsa, mai raba gardamar da kansa zai kira abin da sunansa a zuciyarsa.

Umma_Peckham:
Nawa ɗan guntu ne, daga bakin yara. Wata rana ɗana ɗan shekara shida ya dawo daga makaranta fuska a kumbure, ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa ya ce malamarsu ta ce yana "telling porkies". Gabana ya faɗi, na ɗauka naman alade aka ba shi ko aka ce ya ci. Washegari da sassafe na je makarantar. Malamar ta zaunar da ni ta yi min bayani cewa salon maganar mutanen gabashin Landan ne, inda ake musanya kalma da wata mai amo irin nata: "pork pies" tana amo da "lies", sai aka gajarta ta zama "porkies". Ashe cewa ya yi ya wanke hannu alhali bai wanke ba. Ita da "fib" duk na yara ne da wasa, Maman Iman kada ki kusance su a takardarki.

Nura_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Tambaya ga Malam Sani: mene ne bambancin "blatant" da "flagrant"? Ina ganin ana musanya su.

MalamSani_Zariya:
Ma'anarsu ta yi kusa, abokan tafiyarsu ne suka bambanta. "Blatant" ta fi tafiya da ƙarya, "flagrant" ta fi tafiya da karya doka ko keta hakki, kamar "flagrant violation". Asalin "flagrant" daga Latin ne, abin da ke ci da wuta. "Blatant" kuwa mawaƙin Ingila Edmund Spenser ne ya fara amfani da ita a 1596, ya sa wa wata dabbar almara mai harsuna barkatai wadda ke wakiltar ƙazafi. Da farko mai kwarmato take nufi, daga baya ta zama abin da ba ya ɓoyuwa.

Akwai kuma "brazen lie", daga kalmar tagulla, wato fuskar mai ƙaryar ta zama ƙarfe, ba ta motsi. Ku lura da yawan fuska a cikin waɗannan: barefaced, bald-faced, bold-faced, "with a straight face". Bature fuska yake kallo. Mu ido muke kallo: tsaurin ido, bushewar ido, ya dubi tsabar idona, idonsa ba kunya.

Maman_Iman:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na nemo takardar shaidar ajiyar, tana cikin tsohon imel. Daren jiya bayan na dawo daga aiki na zauna na rubuta sabuwar wasiƙa yadda Lauya Bintu ta ce. Na sa "your statement is untrue", na jero ranakun saƙonni huɗun, na haɗa hotuna tara, har da wanda aka ga takalminsa a gefen kafet ranar da ya zo. Sai dai ban iya barin ta haka ba. A ƙarshe na ƙara layi ɗaya, na ce ya tsaya a ɗakin da kansa ya taɓa bangon a gabana. Ban rubuta "lie" ba, amma hannuna ya daɗe a kan madannan kafin in tura.

Sadiq_Gaskiya_Dokin_Karfe:
Allah Ya ba ki nasara Hajiya. Ni dai da ni ne da "barefaced lie" ta shiga layin ƙarshen nan.

Lauya_Bintu:
Layin da kika ƙara ya yi, abin da ya faru kika faɗa. Idan ya amsa ko ya yi shiru har mako ya zagayo, ki shigar da ƙorafin kai tsaye, kada ki tsaya musayar saƙo da shi.

Bashir_Gwammaja:
Malam Sani, ban manta da ƙalubalenka ba. Na kwana ina nema. Mafi kusa da na samu ita ce "he told a whopper", amma na ga nauyin a suna yake, ba a aikatau ba. Zee, Yaya Danladi, ko ku kuna da wata?